Tekla Ta Farka da Turanci

Litinin, 17 ga Oktoba, da la'asar

Mun dawo daga asibiti ni da mijina Lambros. Sun ce zamanmu a can ba ya ƙara komai, mu je gida mu huta. Ban huta ba. Na share tsakar gida, na watsa wa kaji hatsi, na tsince zaitun ɗin da ya zube jiya a gindin tsani. Takalmin 'yar'uwata Tekla ƙafa ɗaya yana nan inda ya cire. Na goge shi na ajiye a ƙofar ɗakinta.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Na faɗa wa likita, na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa 'yarta Nitsa a waya tana kuka daga Landan. Ya isa.

Abin da nake so in rubuta shi ne ranar Asabar. Tekla, abokiyar tagwaicina, ta zo tsinkar zaitun kamar yadda take zuwa kowace kaka tun da mijinta Sabas ya rasu. Muna zaune a inuwa muna naɗe shinkafa a ganyen inabi, ta ce naɗina ya yi kauri kamar yatsun mijina. Lambros ya ce, "Shekara hamsin a Ingila, ba ki koyo komai ba sai raini." Ta ce, "Na koyo yadda ake zaɓen miji, ga 'yar'uwata nan ba ta koya ba." Muka yi dariya har na ƙware. Wannan nake so in riƙe.

Talata, da hantsi

Ba ta farka ba. Na zuba gahawa a kofi biyu kafin in tuna.

Laraba, da yamma

Ta buɗe ido. Ina riƙe da hannunta, wanda yake motsi. Ta dube ni, ta yi magana da gefen bakinta, magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Turanci ne.

Na ce, "Ke, Tekla, ni ce fa. Froso. Bar wasan nan." Ta sake yi da Turanci, ta ƙara ƙarfi, kamar ni ce kurma.

Likita ya ce hakan yana faruwa. Wai harshe biyu suna zaune a kan mutum, wani lokaci ɗaya ya tashi ya bar ɗayan kwance. Na ce, to me ya sa ba namu ne ya tashi ba, wanda ta sha a nono? Ya ce bai sani ba. Yaro ne ƙarami, amma na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba.

Ina fitowa wata nas ta tsayar da ni. Ta ce, "Mama, ke 'yar'uwarta ce? Yaya ko ƙanwa?"

Tunda aka haife mu ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ana tambaya ce, wace ce a ciki. Na koma bakin ƙofa na leƙa fuskar da ke kan matashi. Nas ɗin ba ta yi laifi ba.

Alhamis, da magariba

Nitsa ta iso. Ta ganni a ƙofar gida sanye da baƙar rigata ta aiki, ta saki jaka ta rungume ni, ta ƙi saki. "Inna Froso, tsaya haka, kar ki yi magana," in ji ta. Na gane. Na tsaya na ara mata fuskar uwarta har ta gaji da kuka.

Da muna yara, mahaifiyarmu tana ɗaura wa Tekla jan zare a wuyan hannu don Baba. Ita ba ta buƙata, ko a duhu tana gane mu da tari. Baba ne bai taɓa iyawa ba har ya bar duniya. In zai aiki ɗaya sai ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ke, wadda ta fi kusa." Mu kuma mu kan cire zaren mu yi musanya. Wata rana Tekla ta fasa tulun mai, ta zo da gudu ta ɗaura mini zaren, na sha duka. Da yamma ta kawo mini rabin ɓaurenta busasshe, ta ce ladan aiki. Na karɓa na cinye. Har bara muna gardama ko rabi ne ko ɗaya bisa uku.

Asabar, bayan azahar

Tekla tana magana da Nitsa sosai, ko da yake kalmomin suna fitowa a karkace. Ni ina gefe kamar baƙuwar da ta zo dubiya daga coci. Sai an fassara mini cewa 'yar'uwata tana jin sanyi a ƙafa.

Akwai kalma ɗaya da take jefo mini duk na shiga. "Dabul." Ta nuna ni da haɓa ta ce wa nas, "Dabul." Na tambayi Nitsa a mota.

Ta ce, "Inna, kamar a ce na biyun abu ne. Wanda yake daidai da kai. A masana'antar ɗinki haka take faɗa wa ƙawayenta, tana da dabul ɗinta a Kubrus, tana can tana shan rana a madadinta."

Na ce, "Shan rana? Ni da nake tatsar awaki tun asuba?"

Lambros da ke gaba ya ce, "Ai ta faɗi gaskiya, ranar kin sha ta, dubi wuyanki."

Sun yi dariya. Ni ina da suna. Fadan cocinmu ya raɗa mini shi a ruwan baftisma ɗaya da nata, rana ɗaya.

Lahadi, da safe

Na kunna kyandir biyu a coci. Mata suna zuwa su taɓa kafaɗata, su dubi fuskata su daɗe, su girgiza kai. Kamar ni ce kwance. Ban tsaya gaisawa a waje ba.

Talata, 25 ga Oktoba, da hantsi

Likitan ya kira ni gefe. Wai tunda mu tagwaye ne na kama ɗaya, jini ɗaya, jiki ɗaya, yana so a duba ni ma. Na ce lafiyata lau, ni nake ɗaukar kwandon zaitun zuwa mota. Ya ce, "Ita ma ai tana kan tsani ne." Na ce masa ina da wanki a gida.

Lambros ya ji. Kunnen da ba ya jin in na ce ya gyara famfo, wannan ya ji shi sarai.

Laraba, da la'asar

Akwai wata mata da aikinta koya wa mutane magana bayan irin wannan shanyewar jiki. Ta zo da madubi, ta ce Tekla ta duba ta motsa leɓe. Tun ranar Lahadin nan ba wanda ya ba ta madubi. Ta duba. Ta sa hannu ta ture shi ya faɗi ƙasa.

Matar ba ta ji haushi ba. Ta waiga ta ganni, ta dubi hoton da Nitsa ta ajiye a kan durowa, ta ce, "Ai ba ma buƙatar madubi. Mama, zo ki zauna gabanta. Ki buɗe baki a hankali, ita ta kwaikwaya."

Na zauna. Na buɗe baki kamar yadda aka ce. Tekla ta ƙura mini ido, ba bakina take kallo ba, duk fuskar take bi, goshi, kumatu, gefen hagu. Sai hawaye. Ta juya ga bango.

Na ce da an bar mata madubin da ya fi sauƙi. Shi abin da ya rage yake nuna mata. Ni abin da ya tafi na nuna mata.

Alhamis

Na je. Ta juya ga bango.

Juma'a

Haka dai. Nitsa ta ce in ɗan huta kwana biyu. Ta faɗa da ladabi.

Asabar, da hantsi

Ban je ba. Mun kai zaitun injin matse mai. Man bana ya yi kore, yana kama maƙogwaro, irin wanda take so. Na ɗiga a burodi, na ajiye ban ci ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da yamma

Nitsa ta same ni a kicin. Na ce mata, "'Yar nan, zauna ki koya mini yaren uwarki." Ta zaci gatse nake yi. Na ce da gaske nake. Ta koya mini ruwa, da zafi, da sanyi, da ciwo, da sannu. Bakina ya ƙi lanƙwasuwa. Lambros yana daga waje yana maimaitawa da muryar akuya.

Na ce, "To mu fa? Me suke ce wa irinmu?"

Ta ce, "Twin." Ɗaya ke nan. In mu biyu ne sai a ƙara masa wutsiya. Na yi mamaki da suke da kalmar ɗaya shi kaɗai. Na gwada, ta fito gajeriya kamar an tsinke zare.

Ta ce suna da wasu da yawa. Akwai wadda ke nufin ƙwayar wake biyu a kwanso ɗaya. Na ce wannan mai hankali ne ya ƙirƙiro ta, ya taɓa ɓare wake. Akwai ta ofis, wai takardar da aka sa a ƙarƙashi rubutu ya fito a kanta. Na ce ba na so, ai ta ƙasan kullum ta fi dishi-dishi, kuma na san wadda Tekla za ta ce ita ce ta sama. Sai ta faɗi wata mai tofi a ciki, na buga tebur na ce na san ta.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Landan, lokacin auren Nitsa. Tekla ta aike ni sayen kifi a layinsu. Mai kifin ya gaishe ni da sunanta, ya yi ta zuba, ina ta gyaɗa kai. Can sai ga Tekla ta biyo ni da lema. Mutumin ya dube ta ya dube ni, wuƙa ta faɗi daga hannunsa, ya kira matarsa daga ciki. Ya faɗi wata magana kowa ya yi dariya. A hanya na ce me ya ce? Tekla ta ce, "Cewa ya yi kamar na tofar da ke." Na tsaya cak a ruwan sama. Na ce ni ce tofi? Na juya zan koma in mayar masa da kifinsa. Ta riƙe ni tana dariya har ta zauna a kan dakalin wani gida. "Yabo ne, sakarya, yabo ne!" Na ce ƙasar da ake yabo da miyau ban ga abin da ya zaunar da ke ba.

Nitsa ba ta taɓa jin labarin ba. Ta yi dariya, karon farko tun zuwanta. Ta ce, "Akwai kuma wata, ita ce ma suka fi..." Na ce faɗi mana. Ta ce ba ta san dalili ba, amma da kalmar mutuwa take farawa.

Na ce ta bar ta a waje. Muka tashi muka wanke kwanoni.

Talata, 1 ga Nuwamba, da azahar

Lambros ya ce mu je gari sayen igiya. Ya ajiye mota a ƙofar asibiti ya zare makulli ya sa a aljihu. Na ce, "Tsoho, nan ake sayar da igiyar?" Ya ce, "Nan ne. Sauka."

Sun ɗaure mini hannu, sun ɗebi jini, sun manna mini wayoyi a ƙirji. Na faɗa wa likita maganar yatsuna biyu da suke mutuwa lokaci-lokaci, tunda ya tambaya kai tsaye. Lambros ya ce, "Tun yaushe?" Bai yi mini magana ba har gida.

Laraba, da magariba

Ya huce. Muna zaune a ƙofa ni da shi da Nitsa, ya ɗauko labarin hoto, wanda yake bayarwa duk bikin Ista.

Sabas yana Landan yana aikin guga a masana'anta, ya aiko wa gwaggonsa yana son mata daga gida. Aka ce 'yan biyun nan fa? Ya ce a aiko da hoto. Mai hoto ya zo ƙauye ranar kasuwa, muka sa riga iri ɗaya, ya ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya wanko, ɗaya ya ƙone. Saura ɗaya. Mahaifiyarmu da ke gane mu a duhu ta juya shi ta juya, ta ce hoto ba ya tari. Aka aika. Sabas ya ce wannan yake so. Baba ya tara mu ya ce, "To, wace ce wannan ɗin?" Tekla ta yi tsalle ta ce ita ce, tun tana ƙarama take son ganin abin da ke bayan teku. Ni na yi shiru ina murna, don a lokacin akwai wani mai manyan kunnuwa da ke wucewa ta bayan gidanmu da jaki, ko ba shi da kaya.

Lambros ya ce wa Nitsa, "Da hoton nan ya yi magana, da yanzu ni ne babanki." Nitsa ta ce, "Allah ya kiyaye, Kawu, da kunnuwan nan zan gada."

Na tuna ranar da muka raka ta tashar jirgin ruwa a Limasol. Ta ce, "Ki ci gaba da tsefe kanki ta dama, ni ma haka zan yi, kar mu canza." Ba mu canza ba. Furfura ma shekara ɗaya ta fito mana, wuri ɗaya.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Sakamakon gwajina ya fito, abin da ya kayar da Tekla yana jikina ni ma. Ya faɗi abin da ya faɗa. Lambros ya kwashe tsani ya kai gidan maƙwabta, ya ɓoye gwangwanin gishiri. Na ce kar a gaya wa kowa.

Asabar, da la'asar

Nitsa ta ce za ta tafi da ita. Ta riga ta yi magana da likita, ta gyara ɗaki a ƙasan gidanta.

Na ce, "A gidan nan aka haife ta. A ɗakin can."

Ta ce, "Inna, ruwa ma ba za ta iya roƙonki ba."

Na faɗi kalmar ruwa da Turanci, da ƙarfi. Na faɗi ciwo, na faɗi sanyi. Na ce sauran zan koya.

Ta ce, "Wa zai ɗaga ta? Wa zai kai ta bayi? Ke?"

Na ce ni. Na ce na ɗaga uwarmu shekara uku ba wanda ya zo daga Landan ya taya ni. Bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa. Na waiga ga Lambros ya goya mini baya. Ya sunkuyar da kai yana juya hularsa. Ya ce, "Froso, kin san abin da aka ce." Nitsa ta dube shi ta dube ni. Ba ta tambaya ba. Ta tashi ta zo ta tsuguna ta ɗora kanta a cinyata. Na so in ture ta. Na shafa mata kai.

Lahadi

Ban je coci ba.

Litinin, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na je asibiti ni kaɗai a bas. Na ja kujera na zauna gabanta. Ta fara juyawa, na ce, "A'a. Kin juya mini baya ya isa. Ba ni na yi miki ba." Na san ba ta rasa jin yarenmu gaba ɗaya ba, idonta ya nuna.

Na zumɓura baki. Na washe haƙora. Na hura kumatu kamar kwaɗo, yadda muke yi a bayan malamin makaranta. Ta daɗe tana kallo. Sai ta hura nata. Iska ta fice ta gefen hagu da wata ƙara mara kyau. Muka dubi juna. Ita ta fara dariya, rabin dariya, ni na cika mata sauran.

Mun yi har aka kawo abinci. Na nuna kaina na ce, "Twin." Ta yamutsa fuska ta gyara mini faɗar. Tana kwance, rabin jiki ba ya motsi, amma sai ta gyara mini.

Alhamis, da yamma

Kullum ina zuwa. Leɓen yana ɗan ɗagawa. Matar koyar da magana ta ce in rage gaggawa. Sunana bai fito ba tukuna. Ba na tambaya.

Asabar, 12 ga Nuwamba, da azahar

An sallame ta, mun kawo ta gida a keken marasa lafiya. Za ta yi 'yan kwanaki kafin tafiya. Na sa an ajiye ta a tsakar gida, gindin lemo, inda rana take sauka.

Na ce wa Nitsa ba wanda ya tambayi mai jikin. A tambaye ta a gabana, kuma a fassara mini daidai, ban da gyara. Nitsa ta tsuguna ta tambaye ta. Nan ko can?

Tekla ta dubi lemon, ta dubi tanderun mahaifiyarmu, ta dubi ƙofar ɗaki. Ta daɗe. Ta yi magana a hankali. Na ji sunayen jikokinta biyu, na ji sunan Sabas. Ban jira fassara ba. Na ce zan je in duba tukunya.

Ba komai a kan wuta. Na tsaya a kicin na riƙe bakin tebur. Duk shekarun nan ina zaton aro Ingila ta yi, wata rana za ta maido. Ashe can ɗin ma gida ne. Kabarin mijinta yana can. Ni ma da an ce in bar Lambros a ƙasa in tafi, ban san me zan ce ba. Na sani. Ba na so in rubuta ne.

Litinin, da magariba

Na yi miyar alkama da tsami, na yanka cukun halumi a ciki, irin ta lokacin sanyi. Nitsa tana ba ta da cokali. Ta kurɓa sau ɗaya, ta tsaya. Ta kurɓa kuma. Ta ɗago ta harare ni, hararar nan tata ta da, ta ce:

"Ba gishiri."

Da yarenmu. Sarai, da muryar ƙauyen nan, kamar mahaifiyarmu ce ta faɗa. Cokali ya tsaya a hannun Nitsa. Lambros ya yi alamar gicciye ya ce, "Mun yi ta addu'a ta yi magana, da ƙorafi ta fara. Ta warke!"

Nitsa ta ce, "Mama, likita ya hana ki." Tekla ba ta kula ta ba. Ta miƙa hannu ta jawo kwanona, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta dubi kwanon Lambros da ya yi wa barbaɗen gishiri a ɓoye. Ta dawo da ido kaina. Ta kama wuyan hannuna na hagu ta matse.

"Ke ma?"

Na ce, "Ci miyarki tana hucewa." Ba ta sake ni ba har aka kwashe kwanoni. Da hannun dama na ci, ita Nitsa ta ba ta.

Ba ta ƙara cewa komai da yarenmu ba a daren, ko washegari.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi. Ban bi su filin jirgi ba, an ce tafiyar ta yi mini yawa. Na tsefe mata kai da safe. Na sa musu galan ɗin mai da busasshen ɓaure, Nitsa tana cewa kaya sun yi nauyi, ina ƙarawa.

A bakin mota Tekla ta yi mini dogon jawabi da Turanci, tana nuna ni da yatsa. Nitsa ta ce, "Wai ki sha maganinki, in kika riga ta ba za ta yafe miki ba." Na ce ki faɗa mata ita ta riga ni fitowa duniya, kuma ba na son wuce gaban manya.

Motar ta sauka gangare. Na tsaya har ƙurar ta kwanta.

Juma'a

Gidan ya yi faɗi.

Asabar, da la'asar

An yi ruwan farko. Lambros ya ce in shigo kar in jiƙe. Na sha maganin. Yana tsaye a kaina sai da na buɗe baki ya gani, kamar akuyar da aka ɗura wa magani.

Lahadi, 20 ga Nuwamba, bayan coci

Waya ta yi ƙara muna cin abinci. Nitsa ce, ta ce ga Mama, za ta riƙe mata, ita tana da aiki a kicin ba za ta tsaya fassara ba.

Tekla ta yi magana da Turanci, ta tsaya. Na ce mata an yi ruwa, rufin ɗakin kaji ya zuba. Ta yi wata maganar da tsaki a ciki. Na ce ai na faɗa wa Lambros tun bazara, kin san halinsa. Ta ɗaga murya, na ce ba ni na ce ki tafi ba, yanzu kuma ki zo kina kukan sanyi. Ta yi dariya. Ta yi ƙasa da murya ta faɗi wani abu gajere, na ce ni ma. Muka saurari numfashin juna. Can ta ci gaba, na ci gaba. Abincina ya huce.

Da na ajiye, Lambros yana kallona da cokali a hannu.

Ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce can ma ruwa ake yi. Gadon ya yi mata laushi, shayin Nitsa kamar ruwan wanki, jikokin suna da surutu amma kar a hana su. Kuma ka gyara rufin."

Ya ce, "Yaushe kika iya Turanci haka?"

Na ce, "Ban ji ko kalma ɗaya ba."

"To ta yaya kika sani?"

Na ce, "In ni ce kwance a can, abin da zan ce ke nan."

Ya daɗe yana kallona. Ya ajiye cokali, ya ɗauki hularsa, ya fita neman guduma.